Nasiha Ga Masu Son Ƙirga Abin Da Ke Cikin Teku

'Ya'yana, na ga da yawanku yanzu kuna karatun lissafi da ilimin halittu da kwamfuta, wasunku kuma kan tambaya ina amfanin waɗannan darussa bayan an ci jarrabawa. To ku matso in ba ku labarin wani aiki da ya haɗa ukun nan wuri guda, wato aikin masu lissafa yawan dabbobin teku domin a gane wacce ke fuskantar ƙarewa, da abin da ya kamata a yi tun lokaci bai ƙure ba. Aiki ne mai nauyi. Abin da mai lissafi ya rubuta a takarda shi ne gobe zai zama doka a kan ruwa, da shi wata halitta za ta tsira ko ta shuɗe, da shi kuma dubban iyalai za su samu abinci ko su rasa.

Wahala ta farko ita ce, abin da ake ƙirgawa ba a ganinsa. Ruwan teku ya rufe fiye da kashi biyu cikin uku na duniya, halittun da ke cikinsa kuma ba sa zama wuri ɗaya. Shi ya sa masana suka nemi dabaru. Wani lokaci sukan kama dabbobi ɗari, su sa musu alama su sake su, bayan an kwana biyu su sake kamo ɗari. In suka tarar goma daga ciki na ɗauke da alamar, sai su ce ke nan jimillar ta kai wajen dubu. Wani lokaci jirgin bincike ne ke jefa taru a wurare sanannu kowace shekara, a auna abin da ya fito. Wani lokaci kuma kwana ake yi a bakin gaɓa ana ƙirga ramukan da kunkuru ya zuba ƙwai. Duk waɗannan ƙiyasi ne, mai hankali kuma ba ya mantawa da haka.

Sai dai sanin adadi shi kaɗai ba ya kai mutum ko'ina. Makiyayi na ƙwarai in ya dubi garke, ba kawuna yake fara ƙirgawa ba. Yakan duba karsana nawa ke dab da ɗaukar ciki, shanu nawa suka tsufa, maruƙa nawa suka tsallake rani. Ana iya samun garke biyu kowanne da kai ɗari, ɗaya yana hauhawa, ɗayan kuma ya kama hanyar ƙarewa ba tare da mai wucewa ya lura ba. Irin wannan duba ne masu lissafin teku ke yi. Sukan tambaya: a shekara nawa wannan dabba ke fara haihuwa? 'Ya'ya nawa take samu, kuma bayan shekara nawa take maimaitawa? Cikin ɗari na kowane rukunin shekaru, nawa ke ganin baɗi? A 1945 wani masani a Jami'ar Oxford mai suna Patrick Leslie ya tsara hanyar jera waɗannan amsoshi a jadawali guda, yadda in aka ninka shi shekara bayan shekara zai nuna inda zuriya ta dosa. Daɗin wannan tsari shi ne ana iya sauya alƙalami ɗaya a ga abin da zai biyo baya, ba tare da an taɓa ko dabba ɗaya ba.

Bari in fara muku da kunkurun teku, domin labarinsa ne ya fi bayyana darajar wannan ilimi. A gaɓar kudu maso gabashin Amurka akwai wani irin kunkuru mai ƙaton kai. Macen kan fito bakin ruwa da dare, ta haƙa rami a yashi, ta zuba ƙwai sama da ɗari, ta rufe ta koma. Bayan kusan wata biyu 'ya'yan su ƙyanƙyashe, su ruga ruwa, tsuntsaye da ƙaguwa da manyan kifaye na dakonsu. Da aka ga kunkurun yana raguwa, masu kishin kare shi suka duƙufa a kan yashi. Suka yi gadin ramuka, suka kange su daga dabbobi masu tonon ƙwai, wasu har suka kwashe ƙwan suka kai wurin ƙyanƙyasa. Niyyarsu mai kyau ce, aikin kuma na kwantar da rai, don ba wanda zai ga jaririn kunkuru yana rarrafe zuwa ruwa bai ji tausayi ba.

A 1987 masana uku, Deborah Crouse da Larry Crowder da Hal Caswell, suka ɗauki bayanan da aka daɗe ana tarawa a tsibirin Little Cumberland na jihar Jojiya, suka kasa rayuwar kunkurun zuwa matakai bakwai, daga ƙwai har uwa mai dawowa gaɓa. Lissafin ya nuna zuriyar na raguwa da kusan kashi 5 cikin 100 kowace shekara. Sai suka yi tambayar da ta sauya komai: da za a ce kowane ƙwai da kowane jariri ya tsira a shekararsa ta farko, ba a rasa ko ɗaya ba, shin raguwar za ta tsaya? Lissafi ya ce ba za ta tsaya ba. Suka juya kan matasan kunkurun, waɗanda suka yi shekara takwas zuwa goma sha biyar. Cikin ɗari na waɗannan, wajen 68 ne ke kai wata shekara. Suka gwada ɗaga wannan adadi zuwa 77 kacal, sai ga zuriyar ta daina raguwa, ta fara ƙaruwa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kunkurun nan sai ya haura shekara ashirin kafin ya fara haihuwa. Allah ya halicce shi da yawan ƙwai domin mafi yawansu dama ba za su rayu ba. Amma wanda ya riga ya kai shekara goma a ruwa ya tsallake haɗurra masu ɗimbin yawa, ya fi kusa da fara mayar da bashin da zuriyarsa ke binsa. Rasa shi ɗaya ya fi rasa ƙwai da yawa. Su wa ke kashe waɗannan matasa? Jiragen kamun jatan lande ne masu jan taru a ƙasan ruwa. Kunkuru da huhu yake numfashi, in taru ya riƙe shi ya daɗe a ƙasa sai ya nutse. Rahoton da majalisar bincike ta ƙasar Amurka ta fitar a 1990 ya tabbatar cewa wannan taru ya fi duk sauran ayyukan ɗan Adam kashe kunkurun. Maganin kuma ƙaramin abu ne: a saka wani ƙarfe mai sanduna a wuyan tarun, jatan lande ya wuce ta tsakanin sandunan zuwa jaka, kunkuru kuma ya daki ƙarfen ya zame ta wata ƙofa ya fita. Masu jiragen sun yi tirjiya ƙwarai, suna tsoron asarar kamu, amma zuwa tsakiyar shekarun 1990 saka ƙarfen ya zama tilas a ruwan Amurka.

Ga nasihata ta farko ke nan. Tausayi shi ke tayar da mutum ya yi aiki, amma bincike ne ke nuna masa inda zai sa ƙarfinsa. Masu gadin ƙwai ba su yi laifi ba, har yau ana buƙatar aikinsu, don zuriyar da ba ta ƙyanƙyasa ba ta da gobe. Sai dai ɓarakar na can cikin ruwa inda ido ba ya kai. In kuka samu kanku a kowane aiki na gyara, ku tambayi kanku ko inda kuke zuba gumi shi ne inda ciwon yake. In lissafi na gaskiya ya saɓa wa abin da ranku ke so, ku yi haƙuri ku saurare shi.

Kada kuma ku ɗauka lissafi ba ya kuskure. Labarin kifin kod na tsibirin Newfoundland a gabashin Kanada ya isa ya sa kowane mai ilimi ya sunkuyar da kai. Kusan shekara ɗari biyar mutane na kamun wannan kifi a ruwan nan, ƙauyuka da garuruwa suka kafu a kansa. Macensa ɗaya kan zuba ƙwai miliyoyi, shi ya sa aka daɗe ana ganin ba zai taɓa ƙarewa ba. Daga shekarun 1950 manyan jiragen ƙasashen waje masu sarrafa kifi a cikinsu suka shigo, har a 1968 aka kama sama da tan 800,000 a shekara guda. A 1977 Kanada ta faɗaɗa ikonta zuwa mil 200 daga gaɓa, ta kori jiragen baƙi, masananta kuma suka zauna suka tsara yadda kifin zai farfaɗo.

A shekarun 1980 lissafin hukuma ya riƙa nuna kifin na ƙaruwa sosai. Ƙananan masunta na bakin gaɓa kuwa, masu fita da ƙananan jirage, suka yi ta kokawa cewa kamunsu na raguwa, kifin da ke shiga komarsu kuma ƙanana ne. Ba a ba maganarsu nauyin da ya dace ba, aka ɗauke ta a matsayin ƙorafin marasa boko. Ashe su ke da gaskiya. Ɗaya daga cikin ma'aunan da lissafin ya dogara da su shi ne yawan kifin da manyan jirage ke kamawa a kowane jan taru. Kod kuwa kifi ne mai taruwa wuri guda, ko ya ragu sauran kan cunkushe tare. Jiragen kuma na da na'urorin gano inda taron yake. Don haka taru na ta fitowa cike, alhali tekun na zama fayau. Ga kuma ƙananan kifayen da ake watsarwa cikin ruwa matattu, waɗanda ba su shiga littafin kowa ba.

Da masana suka gano kuskuren a ƙarshen shekarun 1980, suka ba da shawarar a rage kason kamun 1989 zuwa tan 125,000, ƙasa da rabin na shekarar da ta gabata. Mahukunta suka dubi masana'antu da ma'aikata da ƙuri'u, suka tsayar da 235,000. Ranar 2 ga Yuli, 1992, ministan kamun kifi John Crosbie ya sanar da rufe kamun kod na arewa. Kifi mai haihuwa ya riga ya koma wajen kashi 1 cikin 100 na yadda yake a da. Mutum kusan 30,000 suka wayi gari ba sana'a, ƙauyuka suka watse, matasa suka yi ƙaura neman abinci. An ce rufewar ta shekara biyu ce, amma sai a 2024 aka sake buɗe kamun kasuwanci, shi ma da tan 18,000 kawai.

Darussa uku nake so ku ɗauka daga nan. Na ɗaya, kwamfuta ba ta gyara bayanin da aka ba ta gurgu, don haka kafin ku yi alfahari da kyawun tsarinku, ku binciki inda alƙalumanku suka fito da yadda aka tattaro su. Na biyu, wanda ya shekara arba'in yana jan koma ya san abin da ba ya cikin jadawali. In maganarsa ta saɓa da lissafinku, ku je ku zauna da shi cikin ladabi, ku nemi dalilin saɓanin, mai yiwuwa nan ne kuskurenku yake ɓoye. Ruwa ba ya tsami banza. Na uku, ku faɗi iyakar saninku a fili. In lissafi ya ce kifin na iya zama tan dubu ɗari biyu, yana kuma iya zama dubu ɗari shida, kada ku miƙa wa shugaba babban adadin don ya yi murmushi. Ku ba shi duka biyun, ku gaya masa abin da zai faru in ƙaramin ne gaskiya. Daɗin da zai ji yau na ɗan lokaci ne, talaka kuma shi zai biya gobe.

Akwai wata tambaya da nake so ta zame muku jiki kafin ku yarda a taɓa kowace halitta: shekara nawa take yi a duniya? A 1979 aka fara kamun wani jan kifi na zurfin teku a ruwan New Zealand, sunansa orange roughy, yana zaune a wajen mita dubu ƙarƙashin ruwa. An ɗauka rayuwarsa kamar ta sauran kifaye ce, aka yanka kason kamu a kan wannan zato. Daga baya aka duba wani ɗan ƙashi da ke cikin kunnensa, wanda ke yin zobe-zobe gwargwadon shekaru, sai aka tarar kifin na wuce shekara ɗari, kuma sai ya doshi talatin yake fara haihuwa. Kafin wannan sani ya iso, an kwashe mafi yawan abin da ya ɗauki ƙarni yana taruwa a wurare da dama. Akwai ma kifin shak na ruwan Greenland, wanda binciken 2016 ya nuna yana kai aƙalla shekara 272, macensa kuma sai ta yi wajen shekara 150 take balaga. Saboda irin wannan bambanci ne ƙungiyar IUCN, mai fitar da jerin halittun da ke cikin haɗari, ba ta auna raguwa da ma'auni ɗaya ga kowa. Takan duba shekara goma ko tsawon zuriya uku, duk wanda ya fi tsawo. Halittar da ke jinkirin girma tana jinkirin warkewa, mai gaggawa kuma yakan gama ɓarna kafin ya san ya fara.

Sai labarin da ya fi taɓa mini rai. A arewacin Tekun Atlantika akwai wani nau'in wel, babbar dabbar nan da ake kira kifi alhali haihuwa take tana shayarwa. An yi ta farautarta ɗaruruwan shekaru har aka hana a 1935. A 2023 saura wajen 370, masu haihuwa a cikinsu kuma ba su wuce 70 da ɗoriya ba. Ƙarancinsu ya sa masu bincike sun san kusan kowacce ɗaya-ɗaya, ta hanyar hoton wasu tabo masu kaushi da ke kanta, waɗanda ba su taɓa zama iri ɗaya ga dabba biyu ba. Cibiyar New England Aquarium da ke Boston ce ke riƙe da kundin hotunan, an san uwa, an san 'ya, an san jika. Macen kan yi wajen shekara goma kafin haihuwar fari, cikinta shekara guda, ɗa ɗaya take haifa. A da takan maimaita bayan shekara uku, yanzu tazarar ta kai shida zuwa goma. Abu biyu ke kashe su: karo da jiragen ruwa, da sarƙewa cikin igiyoyin kayan kamun kifi. Fiye da takwas cikin goma na ɗauke da tabon igiya a jikinsu.

A 2001 Masami Fujiwara da Hal Caswell suka yi amfani da wannan kundi suka lissafa makomar dabbar. Suka gano cewa mutuwar uwaye ce ke jan zuriyar ƙasa, kuma da za a ceci uwa biyu kacal a kowace shekara, raguwar za ta tsaya. Uwa biyu, 'ya'yana. Irin wannan sani ya ƙarfafa masu neman gyara, har a 2008 Amurka ta sa dokar rage gudun manyan jirage a wuraren da dabbar ke bi a wasu watanni. Adadin ya ɗan hau zuwa kusan 480 a wajen 2010, sannan ya sake gangarowa, a 2017 kaɗai aka tsinci gawa 17. Gwagwarmayar ba ta ƙare ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne, kada ku raina ƙaramin adadi, kada kuma yawan mu'amala da alƙaluma ya busar muku da zuciya. Bayan kowane alƙalami akwai rai da Allah ya halitta.

Ba na so ku tashi da nauyin zuciya, domin akwai inda haƙuri ya biya. Wani nau'in wel mai doro da ke haihuwa a gaɓar Brazil, farauta ta mayar da shi wajen 450 a tsakiyar shekarun 1950, daga kusan 27,000. Aka daina kashe shi, aka bar shi da Mahaliccinsa. Ƙiyasin da aka wallafa a 2019 ya nuna ya koma wajen 25,000. Ya ɗauki fiye da shekara sittin. Waɗanda suka yi fafutukar hana farautar, da yawansu ba su rayu sun ga wannan rana ba, amma ba su fasa ba. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda zai yi aiki da dabba mai tsawon rai dole ya yarda cewa wani ne zai girbi abin da ya shuka.

Wani zai ce mu da muke nesa da teku ina ruwanmu. To kifin ƙanƙara da ake soyawa a gidajenmu daga teku ake kawo shi, in ya ƙare can, a tukunyarmu za mu ji. Ilimin nan kuma ba shi da shinge. Tambayoyin da aka yi wa kunkuru da kod su ne za a yi wa kifin Tafkin Chadi da na Kainji, ana kuma buƙatar masu yin su da gaskiya. Wanda ransa ya kwanta da wannan fanni, ya riƙe lissafi da kyau, musamman ilimin ƙididdiga, ya koyi rubuta umarnin kwamfuta, ya karanci rayuwar dabbar da yake nazari har ya san ta ciki da bai. Ya fita daga ofis ya shiga jirgi, ya ga yadda ake tattara alƙaluman da hannunsa, ya ci abinci da masunta. Ya koyi bayyana sakamakonsa da harshen da mai koma da mai mulki duk za su fahimta. In ya gano ya yi kuskure, ya zama shi ne na farkon faɗa.

Sama da duka, ku sani ilimi amana ne. Za a zo muku da roƙo, wani lokaci da barazana, a ce ku ɗan sassauta adadi saboda masana'anta ko saboda zaɓe. Wasu kuma za su so ku kambama haɗari don a samu tallafi. Kada ku biye wa ko ɗaya, ku tsaya a kan abin da bincike ya nuna, ku faɗe shi da taushin harshe da tausayin waɗanda abincinsu ya rataya a kansa. Halittun nan ba sa iya kai ƙara gaban kowa, jikokinku da za su gaji tekun kuma ba a haife su ba tukuna. Ku ne bakinsu. Allah ya ba ku ilimi mai amfani, ya ba ku ƙarfin halin faɗin gaskiya, ya sa ku bar duniya fiye da yadda kuka same ta.